Gwangwanin Tambaya na Malam Zainu

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi mini afuwa, sati uku ban leƙo ba. Wasu har sun aiko suna tsokanata, wai an ɗaura auren ne na ɓuya. Ba a ɗaura ba. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta. Kun kuma san da yatsa ɗaya nake danna na'urar nan, mai shagon intanet ɗin nan na unguwar Naif har ya daina kallona don tausayi.

Ga wanda bai faro da mu ba: sunana Maharazu, mutumin Ringim. Shekarata huɗu a Dubai ina ɗaurin kaya a wani ofishin kago. Boko aji huɗu na yi, allo kuma izu goma sha biyu. Wadda nake nema sunanta Ni'imatu, 'yar Maraɗi, ta yi jami'a a Yamai, tana aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Deira. Tana zaune da yayanta Nafi'u mai shagon takalma da matarsa. Kada ku tambaye ni abin da ta gani a jikina, ni ma na sha tambayar kaina.

Ba ni da uba a nan, ba ni da kawu. Wanda ya ce zai tsaya mini ya kai goro wurin Nafi'u shi ne Malam Zainulabidin, wanda muke ce wa Malam Zainu. Goron ma ya iso, wata Hajiya ce ta taho mini da shi daga Kano a cikin ganye, na ajiye a kwali a ƙarƙashin gadona ina yayyafa masa ruwa safe da yamma. Inna kuma duk Asabar sai ta kira daga gida: "Maharazu, an kai?" In ce mata saura kaɗan.

Kowace Juma'a bayan la'asar mukan taru a filat ɗin Malam a Hor Al Anz, mu arba'in ko fiye. Maza a falo gwiwa na gogar gwiwa, mata a ɗakin ciki an ɗan sassauta ƙofa. Akwai wani gwangwanin madara babba da aka tsaga murfinsa. Mai tambaya sai ya rubuta a takarda ya jefa, ba suna. Malam ne da kansa ya kawo tsarin, ya ce kunya tana hana mutane sanin addininsu. Ni ne mai yawo da gwangwanin. In zagaya da shi cikin maza, in miƙa a bakin ƙofar mata, in dawo in durƙusa in ajiye a gabansa. Shekara uku ina wannan aikin, ban taɓa jefa tawa ba.

Tambayoyin da aka saba su ne na sallar matafiyi, da ribar dala, da wanda ya manta ya sha ruwa da azumi. Malam ya amsa, a yi dariya, a sha shayi. To tun da Ni'imatu ta fara zuwa sai wasu irin takardu suka fara faɗowa. "Allah gafarta Malam, a wane littafi za mu sami wannan ƙissar?" Ko kuma, "Malaman da suka saɓa wa wannan ra'ayi, mene ne hujjarsu?" Malam yakan karanta, ya gyara tabarau, ya ce, "Masu digiri sun iso." A yi dariya. Ni ma in yi, alhali na san rubutun nata ne.

Watan jiya ɗan ƙanwata A'i ya rasu. Watansa bakwai, ƙyanda ce. Shi ne na biyu da ta binne. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, yana sanye da wata 'yar riga mai ruwan ƙwai da na aika masa. A Juma'ar da ta biyo baya Malam yana wa'azi a kan zunubi, bai san da rasuwar ba, sai ya ce, "Idan kuka ga yara suna mutuwa a gida ɗaya bayan ɗaya, kada ku tsaya zargin sauro da ruwa. Iyaye su duba tsakaninsu da Allah."

Ina riƙe da gwangwani a lokacin. Na ji kamar an cusa mini auduga a kunne. A'i da na sani, wadda ko kaza ba ta iya kallo ana yankawa? Kwana biyar na kasa kiranta. In ɗauki wayar, in kai kan sunanta, in ajiye. Tsoro nake ji kada ta ji a muryata cewa ina tunanin abin da Malam ya faɗa.

Ni'imatu na gaya wa. Ranar Laraba ce, na raka ta bakin ruwa wajen Al Buteen inda take hawa abra, ƙaramin jirgin da ke tsallakar da mutane. Tana sanye da abaya mai ruwan toka, farar rigar aikinta a ninke a hannu. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"Ka tambaye shi mana," ta ce.

"Ni? In tambayi Malam?"

"To gwangwanin na mi ne ne? Ado ne?"

"Ba zan iya ba, Ni'ima. Rubutuna ma kowa ya san shi, kamar tsutsa ta bi ta kan takarda."

Ta juya tana kallon ruwa. Jirgi ya cika, mai jirgi yana ta "yalla, yalla." Ta shiga.

Yanzu sai in faɗa muku wautar da na yi. A aikinmu na kago, kowane mai ɗauri yana da alamarsa da yake zanawa a jikin dila, don in kaya ya kwance a hanya a san wanda ya ɗaure. Tawa da'ira ce da layi uku a ƙasa. Duk ɗan kasuwar da ke aika kaya Kano ko Yamai ta ofishinmu ya san ta, har da Malam, don ni nake ɗaure masa littattafai. Hannuna ya saba, ko kwalbar ruwa na saya sai na zana. Wata biyu da suka wuce na saya wa Ni'imatu wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango. Ranar ba aiki, kwantena ba ta iso ba, na zauna a kan dila ina tunaninta. Ni ban iya kalaman da samari ke rubutawa ba. Sai na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ina zana alamata ƙarama a ƙasan bayan kowanne. Shafi tamanin. Da na ba ta, ta duba na farko ta yi dariya ta ce, "Ka ɗaure ni ke nan, sai jirgi." Ba ta lura har ƙarshe na yi ba.

Ranar Juma'a na ajiye gwangwani a gaban Malam. Ya amsa biyu, ya zaro ta uku. Yakan fara karantawa da ƙarfi kafin ya san abin da ke ciki, haka ya saba.

"Allah gafarta Malam, an ce mutuwar yara alamar zunubin iyaye ce. To Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya binne 'ya'yansa maza suna ƙanana..."

Nan ya tsaya. Ya juya takardar, ya kalli bayanta ya daɗe, sannan ya ɗago ya kalle ni. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Akwai tambayar neman sani," ya ce, "akwai ta neman a kunyata malami. Wanda ya yi shekara huɗu a jami'a yana ganin ya fi wanda ya yi arba'in a gaban malamai. Ni ba na tsoron jahili, jahili in ka ce masa zauna zai zauna. Mai ɗan karatun nan da komai sai ya ce me ya sa, shi ne abin tsoro. Yau ya tambayi malami, gobe littafi, jibi Wanda ya saukar da littafin."

Aka ce, "Na'uzu billahi." Ranar ba wanda ya yi dariya wajen shayi.

Ranar Lahadi na kai wa Nafi'u rasit a shagonsa. Yana tsaye cikin kwalayen takalma, biro a kunne. Mutum ne mai kirki, amma kullum kamar wanda aka biyo.

"Maharazu, zauna. Kai kake ɗaukar gwangwani. Wa ya rubuta?"

"Yaya Nafi'u, ba suna a jiki."

"Bon. Ba suna." Ya shafa fuska. "Mutane sun fara magana. Alhazan da nake ci da su duk almajiran Malam ne. In ta tabbata daga gidana ta fito, wallahi jirgin Yamai za ta hau. Na gaya wa Baba tun farko, lakkol ɗin nan, karatun boko da yawa, ba alheri ba ne. Ga wata Ba'amurkiya da suke aiki tare, kullum suna ƙus-ƙus."

Na san labarin Ba'amurkiyar, Ni'imatu ta ba ni. Ubanta malamin tarihi ne, ya rubuta wani abu a kan tarihin cocinsu, dattawan cocin suka kira shi suka ce ya janye. Ya ce su nuna masa inda ya yi ƙarya. Suka ce ba ƙarya ya yi ba, amma yana raunana zukatan mutane. Suka cire shi. Ta ce har ya tsufa duk Lahadi yakan saka kwat ya zauna a kujerar baya. Lokacin da ta ba ni labarin cewa na yi, "Allah sarki, su ma ashe." Ban san yana tafe wurina ba.

Talata bayan azahar Malam ya aiko in zo. Na same shi shi kaɗai a falo, ba rawani, 'yar hula ce kawai a kansa, ƙafarsa mai ciwon sukari a kan matashi. Ban taɓa ganin tsufansa kamar ranar ba. Takardar tana kan gwiwarsa, bayanta a sama, da'irata da layi uku suna kallona.

"Wannan alamar wa?"

"Tawa ce, Allah gafarta Malam."

"Rubutun fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Na san ba naka ba ne. Na kuma san na wa ne, ba sai ka wahalar da kanka ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Maharazu, ka san mutanen nan da ke zuwa. Wani shekara shida bai ga matarsa ba. Wani bizarsa ta mutu yana ɓuya. Ga mashaya a ƙasan kowane otal. Abin da ke riƙe da su shi ne in na ce abu, sun yarda. In mace ta gyara ni a gabansu daga bayan ƙofa, ranar da na ce wa ɗayansu kada ka shiga wancan gidan, zai ce a wane littafi."

"Amma Malam, maganar yaran..."

"Ba maganar daidai ko kuskure muke yi ba. Ba kowace gaskiya ake zubewa a tsakiyar falo ba."

Ya ba ni mafita, kuma har ga Allah na ga yana ganin taimakona yake yi. Ranar Juma'a in miƙe in ce tambayar tawa ce, na sa wani ya rubuta mini, waswasin shaiɗan ne, na tuba. Mutane za su ce ai Maharazu ne, bai san komai ba, magana ta mutu. Sunan Ni'imatu ba zai fito ba. Gwangwani kuma ya daina zuwa ƙofar mata. Asabar da safe shi da kansa zai ɗauki goro zuwa wurin Nafi'u.

"Kalma nawa ce?" ya ce. "Ba ta kai goma ba."

Na fito ina jin kamar na sauke kwantena ni kaɗai. A cikin bas na tura wa Ni'imatu saƙo, na daɗe ina haɗa shi.

"Malam ya gani. Alamata tana baya. Laifina ne."

Ta amso nan take: "Na duba littafin yanzu. Duka tamanin, Maharazu? Kai wane irin mutum ne."

Ban gane ba ko faɗa ne, sai da wani ya biyo: "Ina dariya ina kuka a ɗakin gwaji. Gobe a bakin ruwa."

Da muka haɗu na zayyana mata sharaɗin. Ta zauna a kan benci tana murza bakin mayafinta. Idanunta sun faɗa, da gani ita ma ba ta samu barci ba.

"Ka faɗa," ta ce. "Na gaji, Maharazu. Tun ina 'yar shekara tara ake ce mini bakina ya yi yawa. A lakkol a ce na cika addini, a gida a ce na cika lakkol. Ni ba fita nake son yi ba, ka gane? Da fita nake so da ban tambaya ba, da na yi shiru na daina zuwa. Wanda yake son gida shi ke tambayar inda yake yoyo."

"To in na ce na tuba, ke fa?"

"In yi shiru in aure ka. Ba ƙaramin abu ba ne, ina so." Ta ɗan yi murmushi. "Abu guda ne. Rabin maganar gaskiya ce, tambayar taka ce, ni aron hannu na ba ka. Ɗaya rabin ne ban sani ba ko za ka iya ɗauka. Ka kira A'i?"

"Tukuna."

Ta miƙe ta nufi jirgi. Da ma ta yi mini faɗa, da ya fi sauƙi.

Kwana biyu ina maimaita kalmomin a wurin aiki. Ina jan igiya ina cewa waswasi ne, na tuba. Har na iya su sarai. Ranar Juma'a na saka farar shaddata da Inna ta aiko, na tafi da niyyar in faɗa a wuce wurin. Ina gaya muku wannan don kada wani ya ɗauke ni jarumi.

Malam ya gama karatu ya ce, "Maharazu yana da magana." Na miƙe. Nafi'u yana jikin taga yana kallon ƙasa. Ƙofar mata a sassauce kamar kullum.

"Takardar satin jiya tawa ce," na ce. "Ni na sa aka rubuta."

Aka fara motsi, wani ya yi 'yar dariya. Malam ya gyaɗa kai yana jiran sauran. Na buɗe baki, sai rigar nan mai ruwan ƙwai ta faɗo mini a rai. In na ce waswasi ne, to na yarda A'i ce ta kashe 'ya'yanta da zunubinta, a gaban mutum arba'in, a ranar Juma'a.

"Ɗan ƙanwata ne ya rasu, na biyu ke nan. Kwana goma sha huɗu na kasa yi mata gaisuwa. Ni ban yi karatu ba, Allah gafarta Malam, ban san komai ba, shi ya sa na tambaya. Kuma har yanzu ina jiran amsa."

Muryata ko tashi ba ta yi ba. Na koma na zauna.

Malam ya dube ni. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, wani abu ne kamar na mutumin da aka taka masa ƙafar nan mai ciwo. Ya rufe littafi ya ce, "Daga yau an ɗage tambayoyi. Wanda yake da matsala ya same ni ni kaɗai." Ya yi addu'a gajeriya ya shige ciki.

Mai zuba shayi ya tsallake ni. Mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya da shi ya tashi daga kusa da ni wai zai amsa waya. Na jira kowa ya fita don kada in matsa wa wani a matakala. Nafi'u ya wuce ta gabana, ya ɗan tsaya kamar zai yi magana, ya fasa.

Da na fito, takalmina ne kaɗai ya rage a bakin ƙofa, an ɗora gwangwanin a kansa. Na gane. An sallame ni ni da kayan aikina. Na ɗauka na rungume na sauka, ina tafiya a gefen titi cikin zafin nan na yamma mai kama da numfashin tanda. Sai na ji abu yana motsi a ciki.

A tashar bas na ɓalle murfin. Takarda ɗaya ce, tawa, mai da'ira da layi uku. A ƙarƙashin rubutun Ni'imatu an ƙara layi biyu da ajami, da tawadar nan baƙa da ban san kowa da ita ba sai mutum ɗaya. Na bi harafi harafi da yatsa.

"Ka gaya wa ƙanwarka ba laifinta ba ne. 'Ya'yanta suna jiranta a ƙofar Aljanna. Kada ka nuna wa kowa."

Bas biyu suka wuce ina zaune. Ashe Malam ya san amsar tun ranar farko. Tana aljihunsa sati guda. Na rasa ko in gode masa ko in yi kuka, sai na yi duka biyun, wani Bafilipine yana kallona. Ku ma da na nuna muku, Allah Ya yafe mini, ba ku san fuskarsa ba, kuma sunan da na ba shi a nan ba shi ne nasa ba.

A nan tashar na kira A'i. Na ce mata wani babban malami ya ce in gaya mata kaza. Ina jin numfashinta da kukan awaki a bayanta. Ashe matan gidan mijinta sun riga sun faɗa mata irin waccan maganar, tana ta bin kanta da istigfari ba ta san na me ba. Da ta natsu ta share murya ta ce, "Yaya, to yaushe ne bikin? Inna ta ce an kusa kai goro."

Na ce mata katin ya kusa ƙarewa.

Yau kwana huɗu. Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya ɗauki goro. Na buɗe kwalin da safe, na gefe sun fara yanƙwanewa, na dai yayyafa ruwa. Ni'imatu ba ta zuwa bakin ruwa, matar yayanta ce ke raka ta aiki ta dawo da ita. Saƙo ɗaya ta samu ta turo: "Na ji ka ta bayan ƙofa. Duka."

Ɗazu ina tsakiyar rubuta muku wannan wayata ta yi ƙara. Nafi'u ne, kuma shi ba mai rubuta saƙo ba ne.

"Ka zo shago gobe bayan la'asar. Kai kaɗai. Fasfonta yana hannuna. Ka taho da goron."